Shekarar da Muryata ta Riga Ni Zuwa Kurfi

Na sha jin ku kuna faɗa wa abokanku cewa kakanku Malam ya kore ni daga gida saboda na kama tallar magani. Wasu a dangi ma sun ƙara gishiri, wai har baki ya yi mani. Ban taɓa tankawa ba, don a lokacin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ba kowace gaskiya ce ke da daɗin faɗa a gaban mai ita ba. Yanzu da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gemu ya yi fari. Malam bai kore ni ba, bai kuma yi mani baki ba. Ga yadda aka yi.

Gidanmu na Kurfi gidan karatu ne tun kakan Malam. Da hantsi zaure na manya ne masu ɗaukar littafi, tela da mahauci da manomi, kowa da nashi a hannu. Da yamma kuma ƙofar gida ta cika da yaran unguwa da allunansu. Ni ne ɗan fari, don haka ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ni zan gaji Malam. Abu ne da kowa ya sani, har ni. Inna ba ta kama sunana Lawal, ba ta kuma yi mani magana kai tsaye. In tana so in ji wani abu, sai ta faɗa wa ƙanena Sani, ko ta faɗa wa tukunyar da ke gabanta. Malam kuwa “kai” yake ce mani. Abin da Allah ya ba ni shi ne murya. In na ɗauko sura da safe, matan maƙwabta kan dakata da daka. Amma wajen fahimtar littafi da haƙuri da yara, Sani ya fi ni nesa ba kusa ba, kuma duk gidan an san haka, ba a dai faɗa.

Da na kai samartaka sai kuraje suka feso mani a fuska. Ba irin 'yan tsirarun da kowane saurayi ke yi ba. Manya ne masu ruwa, daga goshi har wuya, wannan na bushewa wancan na tasowa. In na yi alwala sai in ga jini a tafin hannuna. An yi mani rubutu na sha, an dafa ganyen darbejiya na wanke, na shafa sabulun salo har fatar ta ɗaye, ba abin da ya ragu. Sai na koma naɗa rawani tun ban isa ba, ina jan amawali har bisa hanci. Mutanen gari suka riƙa yabona, wai ɗan Malam ya cika kamun kai. Ni na san abin da nake rufewa.

A shekarun da ake aikin madatsar ruwa ta Zobe, wani aminin Malam da ke tafsiri a Dutsin-Ma ya aiko yana neman mai ja mashi baƙi a watan azumi, wato mai karanto aya shi kuma ya fassara. Malam ya tura ni. Dutsin-Ma a lokacin ta cika ta batse da leburori da direbobi da makanikai, kowace ƙabila akwai ta. A masallacin nan na fara magana a lasifika. Ran farko da na ji muryata ta fita ta bugi katangun unguwa ta dawo mani, sai da na rikice a tsakiyar aya. Bayan kwana kaɗan na saba, na gane inda ake matso da baki da inda ake janye shi.

Kusa da tasha akwai kemis na wani Ibo, Mista Okoro. Tun yana saurayi yake Arewa, ya tafi gida lokacin yaƙi, da aka gama ya dawo ya sake buɗe shagonshi. Hausa a bakinshi sai dai ɗan abin da ba a rasa ba. Wata rana maigidan da na sauka wurinshi ya aike ni sayen maganin ciwon kai. Da na yi sallama na faɗi abin da nake so, sai ya tsaya yana kallona.

“Kai ne mai karatu a lasifika da yamma?”

Na ce ni ne.

“Ni ba na jin Larabci, amma in ka fara, matata rage rediyo take yi. Sauke wannan ƙyalle in ga fuskar.”

Na sauke. Bai yamutsa fuska ba, bai kuma ce sannu ba. Ya juya kaina dama da hagu kamar mai duba ƙwarya, ya ce ya yi aiki a ɗakin magani na wani asibiti kafin yaƙi, ya ga waɗanda suka fi ni. Ya ɗauko kafso irin wanda ake ce wa ja-da-yalo, ya ce in bari sai bayan salla in fara. In sha kafin in ci abinci, da ruwa mai yawa. Kada in haɗa shi da nono ko abin da aka sa wa kanwa. Kada kuma in daina don na ga sauƙi, sai ya ce in daina. Ya ce abin zai ɗauki watanni, in ba ni da haƙuri kada ma in fara.

Na koma Kurfi na bi abin da ya ce. Da Inna ta ga kwanon fura na dawowa yadda ta aika shi, sai na ji ta daga madafa:

“Sani, tambayi mai shan maganin nan, ko da tuwo ma yana gaba, don in san yawan garin da zan zuba.”

Kafin a gama girbi kurajen sun kwanta. Suka bar mani waɗannan ramukan da kuka taso kuka gani, amma ruwa da jini sun tafi. Na ajiye rawani na koma hula. Ba zan iya kwatanta maku yadda mutum ke ji ba ran da ya fara ratsa kasuwa bai sunkuyar da kai ba.

Da na je yi wa Mista Okoro godiya, na tarar ya sayi tsohuwar fijo a-kori-kura, an ɗaura mata lasifika biyu a bisa. Yana so ya riƙa bin kasuwannin ƙauye da magani. Ya gwada wani ɗan'uwanshi a tallar, amma duk inda ya buɗe baki sai kasuwa ta fashe da dariya, a taru a kalle shi a watse ba a sayi komai ba. Ya ce ni yake so, muryar ga ta, shaidar kuma ga ta a fuskata. Na ce sai na tambayi Malam.

Na sami Malam bayan masu littafi sun tashi. Ya saurare ni yana fiƙe alƙalami, bai ɗago ba har na gama. Ina jin ya ɗauka abin na rani ɗaya ne, irin cin ranin da samari ke zuwa. Ya ce:

“Maganin ya yi maka amfani, na gani da idona, ba zan ce ƙarya za ka sayar ba. Amma kada ka sa aya a cikin talla. Kada ka rantse. Kuma kada motar nan ta ci kasuwar Kurfi da kai a cikinta.”

Na ce na ji na ɗauka. Har yau ban saɓa ko ɗaya ba.

Haka na fara. Mu tashi da sassafe, ni da Audu direba, wani lokaci da Mista Okoro, mu ci Karofi yau, gobe wani ƙauye, ranar da aka biya leburori kuma mu yi sansaninsu na Zobe. Ba mu kaɗai ke tallar magani ba. Akwai masu zuwa da kura, akwai masu maciji, akwai wanda ƙwaya ɗaya yake sayarwa amma a bakinshi tana maganin basir da shawara da sammu har da rashin haihuwa. Ni ba ni da kura, ba ni da rantsuwa, don haka sai na nemi wata hanya. Na lura duk sauran ihu suke yi, sai na sassauta murya, na riƙa magana kamar mai ba aboki shawara. Har yanzu ina riƙe da farkon tallar:

“Jama'a ku matso, ba kiɗa ba ne, magana ce. Saurayi mai jawo hula bisa goshi, na san abin da kake ɓoyewa, ni ma na ɓoye. Budurwa mai kare kunci da gyale, ba ke kaɗai ba ce. Ga ja-da-yalo ya zo. Ƙurji bai zo rana ɗaya ba, ba zai tafi rana ɗaya ba. Mai haƙuri shi ke ganin fuskarshi.”

Daga nan in cire hula in nuna masu ramukan. A ƙarshe kuma sai in kawo abin da Mista Okoro ya ce ko za a manta komai kada a manta da shi: mai ciki ba nata ba ne, mai goyo ba nata ba ne, yaron da bai gama famfara ba ba nashi ba ne, kuma ba a sayen biyu a sha a ce an yi magani. Wanda ya matso, sai an dube shi an tambaye shi kafin a ba shi. Mun mai da mutane da yawa hannu wofi, Audu na gunaguni.

Ina son aikin nan, gara ku sani. Ina son yadda kasuwa ke lafawa in na fara, ina son hanya, ina son in ga saurayin da ya zo wancan wata yana rufe fuska ya dawo yana washe baki. A zauren Malam in na zauna biya wa yara, idona na kan inuwa, ina jiran ta kai inda za a tashi. A bayan fijo ban taɓa duba inuwa ba.

Wajen tsakiyar rani muryata ta dushe saboda ƙura da yawan magana. Da ta dawo, Mista Okoro ya kawo rikoda ya ce in yi tallar a kaset, duk ranar da maƙogwaro ya gaza sai a kunna. Na yi, muka saurara, muka yi dariya, aka sa kaset a aljihun mota. Abin da ba mu sani ba, Audu ya ara wa wani mai kwafar kaset a tasha, shi kuma ya buga ya sayar wa 'yan tallar da ke yawo a keke da tiren magani da ƙaramar rediyo. Su ba fuska suke dubawa ba. Wanda ya miƙo kuɗin guda biyu, guda biyu za a ƙulla mashi a takarda. Da suka ga ƙarshen tallar na kore masu ciniki, sai suka sa aka yanke shi. Aka bar kirari da zaƙin baki, aka zubar da gargaɗi.

Ni ina Dutsin-Ma ban san komai ba, sai ga Sani wata safiya a motar haya. Bai zauna ba.

“Yaya, Malam na kira. Ya ce ko mi kake yi ka ajiye.”

A hanya ya ba ni labari. Makonni ke nan ana jin muryata a Kurfi, a kasuwa da cikin lunguna, har ta bayan katangar gidanmu. Ran farko da Inna ta ji, sai da ta sa aka share mani ɗaki, tana zaton na dawo.

Na tarar da Malam a zaure, tare da Malam Haruna tela, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ɗaukar littafi a wurinshi. Na gaishe su na zauna daga bakin ƙofa. Malam ya ce wa Haruna ya maimaita abin da ya faɗa mashi. Haruna bai dube ni ba, tabarma yake kallo. Ya ce iyalinshi Rabi na da ciki, cikin ya feso mata da kuraje, abin na damunta. Ta ji talla ta bisa katanga, ta nemi izninshi ta aika a sayo. Ta sha na kwanaki, har tana ƙarawa don ta ga bai yi saurin aiki ba. Sai amai, sai ciwon mara. Kafin a sami motar kai ta asibiti cikin ya zube. A asibitin an ce ba za a iya cewa maganin ne ba, ba za a kuma iya cewa ba shi ba ne, amma dai ba abin da mai ciki za ta sha ba ne.

“Ni ban zo ƙara ba, Malam,” in ji shi. “Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Da wani ne ke tallar da na hana ta. To muryar Lawal muka ji, muka ce abin da ya fito gidan nan ba ya cutarwa.”

Na yi bayani. Na ce ƙafata ba ta taka kasuwar Kurfi ba, na ce tallar da na yi tana da gargaɗi, yanke shi aka yi. Haruna ya ce ya yarda, ya yi mana sallama ya fita. Muka rage ni da Malam.

“Na san ba ka zo ba,” ya ce. “Da ka zo da an faɗa mani tun kafin ka sauka mota. Ban kira ka don in tuhume ka ba. Ni ne ban hango ba. Na ɗauka in na tsare ƙafarka na tsare komai.”

Sannan ya ci gaba:

“Kai kana ganin magani kake sayarwa. Mutanen nan ba magani suke saye ba. Sun ji muryar nan tana karanta masu Alƙur'ani tun kana yaro, ita suke saye. Ba za ta yi aiki biyu ba. In na zaure ce, ka dawo ka zauna. In ta kasuwa ce, sana'a ce, ba haramun ba ce, amma a bar mutane su san ta kasuwa ce. Ka je ka yi shawara da kanka. Kafin ruwa ya sauka ina son amsa.”

Da na fito na bi ta kasuwa, don ranar tana ci. Ban yi nisa ba na ji kaina ina kiran jama'a su matso. Wani mutum ne da ban taɓa gani ba, ya jingine keke a gindin bishiya, rediyo na rataye a ƙahon keken. Na tsaya har tallar ta kai inda aka yanke, na ji ta yi tsalle ta koma farko. Na ce mashi muryata ce, na nemi ya ba ni kaset ɗin. Ya dube ni sama da ƙasa.

“In taka ce, to ga ta nan a bakinka, wa ya ƙwace maka? Wannan tawa ce, saye na yi.”

Mutane suka fara taruwa, wasu sun gane ni. Na wuce.

Mista Okoro da ya ji, ya zauna a kan benci ya riƙe kai. A ranar ya sallami Audu. Washegari ya sa rigarshi ta zuwa coci, ya ce in raka shi Kurfi ya yi wa Haruna jaje. Muka je a motar haya, ba da fijo ba. Ya durƙusa a ƙofar shagon tela, Haruna ya tashe shi ya ba shi ruwa. A hanyar dawowa na faɗa mashi zaɓin da Malam ya ba ni. Ya ce:

“Ubanka ya fi ni hakki a kanka, in ka tafi ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya dai, kai za ka tafi, kaset ba zai tafi ba. Ba mu san ko nawa aka buga ba. Ba a kashe tsohon kaset da faɗa, sai an yi sabo wanda ya fi shi daɗi.”

Na yi kwanaki ina juya maganar. Daga baya na zauna na sake tsara tallar. Wannan karon ban ajiye gargaɗi a ƙarshe ba, na saƙa shi a cikin kowace gaɓa, yadda in ka cire shi maganar ba za ta tashi ba. Na sa mata amshi mai shiga kai: “Ja-da-yalo na mai haƙuri, ba na mai ciki ba, ba na mai goyo ba.” Duk bayan jimla biyu sai amshin ya dawo. Muka buga da yawa, muka riƙa ba 'yan keke kyauta, su ba mu tsohon. Wasu suka karɓa, wasu suka ƙi. Amma kafin shekara ta zagayo yara na rera amshin a lungu, 'yan mata na tafa hannu da shi, har ya zama in mai ciki ta miƙa hannu wajen tire sai wani ya ja mata baitin.

Zan iya ce maku don wannan na zauna, kuma ba ƙarya ba ne, amma rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne ba na son komawa. Na ɗanɗana aikin da na iya, na kuma san wanda ban iya ba.

Ran da hadarin farko ya haɗu na je Kurfi. Bayan la'asar ne, yara sun fara taruwa. Na ce wa Malam na yi shawara, zan zauna a sana'ar. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin gero.

“Allah ya sa albarka a ciki,” ya ce. “Ka riƙe gaskiya.”

Sannan ya ɗaga murya ya kira Sani, ya nuna mashi wurin da nake zama in biya wa yara. Sani ya dube ni, ya dubi Malam, ya cire takalmi ya zauna. Shi ke nan abin da aka yi. Ba faɗa, ba kuka. Da na shiga cikin gida yin sallama, Inna na tankaɗe, ta ce wa rariya:

“Wanda zai yi tafiya dai ya ɗauki bargonshi, damina ta zo.”

Abin da ya biyo baya ba a ganin shi da ido, shi ya sa masu ba da labari suka cike gurbin da kora da baki. Azumi ya zo, ba wanda ya aiko in ja baƙi, a Dutsin-Ma ko a Kurfi. Na shekarar da ta biyo ma haka, har na daina jira. In na je gida lokacin salla ya yi Malam ba ya nan, Sani ake turawa gaba, in bi shi a baya. Malam bai rage ni da komai ba. Shi ya nema mani auren mahaifiyarku, shi ya raɗa wa manyanku suna, in na kawo mashi shadda yana ɗinkawa ya sa. In ƙafarshi ta kumbura yana aikowa a tambaye ni wane magani ya dace. Amma daga ranar nan har ya koma ga Allah bai sake cewa in karanta ko da gajerar sura a gabanshi ba. Ni ma ban nema ba. Ya faɗa mani tun farko, kuma da saninsa na zaɓa.

Na yi shekaru tare da Mista Okoro. Shi ya koya mani sauran aikin, shi ya tsaya mani har na sami iznin buɗe nawa shagon, wanda kuka girma a cikinshi. Da tsufa ya kama shi ya koma garinsu, muka yi ta aike har aike ya yanke. Rabi ta haihu bayan haka, ba sau ɗaya ba. Haruna ya ci gaba da yi mani ɗinki har idonshi ya gaza, bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa shiga shagonshi ban tuna ba.

Malam ya rasu wajen ƙarshen shekarun tamanin. Bayan an share makoki, ni da Sani muka ɗauki motata muka bi waɗanda suka zo ta'aziyya daga nesa muna yi masu ban gajiya. Muna dawowa daga wani ƙauye ta wajen Zobe sai ya ce in tsaya. Muka fito muka tsaya bisa gaɓa. Ruwa ya cika fal, masunta na ta harkarsu, can ƙasa masu noman rani na ban ruwa. Sani a lokacin ya zama Malam Sani, da rawaninshi da ɗan gemunshi. Ya nuna wani tudu da carbi.

“Can na koyi tuƙa katafila,” ya ce.

Na ɗauka wasa yake. Ya ce a'a. A ranin da nake yawon talla, duk Alhamis da ba karatu yakan hau motar leburori ya zo nan. Wani direba ya ɗauke shi kamar ƙane, ya fara koya mashi a tifa, daga baya ya ɗora shi bisa katafila. Har shugaban direbobin ya gwada shi, ya ce ya zo ya kama aiki, in an gama nan kuma su wuce da shi duk inda kamfanin ya nufa. Yana jiran in dawo gida ne ya faɗa wa Malam, don ya san in ina zaure ba za a hana shi ba.

“Satin da zan fara ke nan ka zo da amsarka.”

Na ce, “Mi ya hana ka faɗa?”

“In faɗa wa wa? Kai ka riga ka faɗi taka. In na faɗi tawa, wa zai zauna?”

Ba da zafi ya yi maganar ba. Ya ce bai yi nadama ba, karatu ya yi mashi rana, kuma da ya bi kamfanin Allah kaɗai ya san inda zai ƙare. Ya ce ya faɗa mani ne kawai don yanzu ba wanda maganar za ta ɓata wa rai. Muka ɗan tsaya muna kallon ruwa, sannan ya miƙo hannu.

“Yaya, kawo makullin.”

Na ba shi. Ya tattare babbar riga ya aza a kafaɗa, ya gyara madubi, ya tayar da mota. Ya tuƙa mu daga Zobe, muka ratsa Dutsin-Ma, har ƙofar gida a Kurfi, bai faɗa rami ko ɗaya ba. Da ya kashe mota ya miƙo mani makullin, ya ce birkin baya na ja gefe ɗaya, in kai a duba kafin ya ba ni wahala. Sannan ya sauka ya nemi buta, don yara sun riga sun taru.